Yadda ake duba tudun murjani a gane ko yana ginuwa ko yana zaizayewa

Yawancin waɗanda suka fara sha'awar halittun teku suna auna lafiyar tudun murjani da ido kawai: idan launuka sun yi yawa, kifaye kuma suna kai da komowa, sai su ce wurin lafiya lau yake. Wannan awo yana yaudara, domin tudun murjani gini ne na dutse da ke tsaye a tsakiyar raƙuman ruwa, kuma tambayar da ta dace da shi ita ce ko dutsen da ake ƙarawa a kansa kowace shekara ya fi wanda ake ɗebewa. Naman murjani mai rai, wato ƙananan dabbobin teku da ke yin ginin, bai wuce kaurin milimita kaɗan ba, yana shimfiɗe ne a kan ƙasusuwan magabatansa da suka taru tsawon dubban shekaru, a wasu wuraren ma miliyoyi. Ɗalibi, ko mai nutso, ko ma'aikacin kare muhalli da ke son fahimtar alaƙar wannan siririn nama da katafaren ginin da ke ƙarƙashinsa, zai iya bin hanyar da ke tafe.

Tantance mai ginin

Aikin farko shi ne a raba murjani mai tauri da sauran abubuwan da ke manne a dutse, domin shi ne babban mai zuba dutsen. Masana suna kiran rukuninsa Scleractinia, kuma ya bayyana a teku kimanin shekara miliyan 240 da suka wuce, bayan ɓacewar tsoffin nau'o'in murjani da suka gabace shi. Kowace dabba guda, wadda ake kira folif, jaka ce mai baki ɗaya da 'yan hannaye kewaye da bakin, tana zaune cikin ɗan kofin dutse da ta gina wa kanta da sinadarin kalsiyam kabonet. Idan aka matsa kusa, ko aka duba mataccen guntu da ruwa ya watso gaɓa, za a ga siraran bangaye a cikin kofin suna tafiya daga gefe zuwa tsakiya, yawanci shida ko ninkin shida. Murjani mai laushi kuwa hannaye takwas gare shi, yana lanƙwasa idan ruwa ya kaɗa, kuma idan ya mutu ba ya barin komai sai 'yan tsinkayen dutse da ke warwatsewa cikin yashi. Ana iya samun wurin da murjani mai laushi ya lulluɓe shi gaba ɗaya, gwanin ban sha'awa a hoto, alhali ginin ya daina tashi tun tuni.

Duk wannan tantancewa da ido ake yin ta. Taɓa murjani yana goge yauƙin da ke kare shi daga cuta, ƙafar roba ta mai nutso kuma tana iya karya reshen da ya ɗauki shekaru yana tsiro.

Sai a kiyaye cewa ba kowane murjani mai tauri ne ke gina tudu ba. Kusan rabin nau'o'insa suna rayuwa ba tare da dogaro da hasken rana ba, da yawa daga cikinsu ɗaiɗai suke zaune a cikin zurfi mai duhu. Waɗanda ke gina manyan tudun yankuna masu zafi, nau'i kusan 800, suna ɗauke da wata ƙaramar gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya a cikin namansu. Gansakukar tana haɗa abinci da hasken rana, ta miƙa wa folif mafi yawansa, har yakan kai kashi 90 cikin ɗari na abin da yake buƙata, shi kuma ya ba ta mafaka da dattin jikinsa wanda taki ne a wurinta. Rarar ƙarfin da wannan zaman tare ke samarwa ita ce ke sa murjanin ya zuba dutse da saurin da zai iya rinjayar ɓarnar teku. Akwai togaciya ɗaya da ta cancanci ambato: a cikin ruwan sanyi na gaɓar Norwe, a zurfin mita 300 zuwa 400, an gano tudun Røst a 2002, mai tsawon kusan kilomita 40, wanda murjani marar gansakuka ya gina. Irinsa yana tashi a hankali ƙwarai, kuma hanyoyin da za a bayyana a nan ba su shafe shi ba.

Duba taswira kafin shiga ruwa

Tun da gansakukar haske take buƙata, sharuɗɗanta ne ke yanke inda manyan tudu za su kafu. Ruwan da zafinsa ke sauka ƙasa da digiri 18 a ma'aunin Selshiyos na dogon lokaci ba ya ɗaukar tudu, mafi dacewa shi ne tsakanin 23 da 29. Ana buƙatar ruwa garau, mai cikakken gishiri, kuma mafi yawan gini yana faruwa ne a zurfin da bai kai mita 50 ba. Shi ya sa tudun murjani ya yi ƙaranci a yammacin Afirka da yammacin Amurka ta Kudu, inda ruwan sanyi ke tasowa daga ƙarƙashi, da kuma bakin manyan koguna inda laka da ruwan daɗi ke malalowa. Saboda haka mai bincike ya fara neman sanin kogin da ya fi kusa da wurin, da inda iska ta fi kaɗawa, da yanayin zafin ruwan a cikin shekara.

Daga nan sai a gane wane irin tudu ne ake kallo. Akwai wanda ke manne da gaɓa, kamar yadda ake gani a dogon gefen Bahar Maliya. Akwai katanga, wadda wani faffaɗan ruwa ya raba ta da ƙasa, kamar Babbar Katangar Murjani ta Ostiraliya mai tsawon kilomita 2,300, ko wadda ta taso daga Meziko ta bi ta Beliz har Honduras, sama da kilomita 1,000. Akwai kuma zobe, wanda ya kewaye tafkin ruwan teku ba tare da tsauni a tsakiya ba, irin waɗanda ƙasar Maldif ke zaune a kansu.

Charles Darwin, a littafin da ya wallafa a 1842, ya ce waɗannan siffofi uku matakai ne na abu ɗaya a tsibiran tsakiyar teku: murjani ya kafu a gefen dutse mai aman wuta, dutsen ya riƙa nutsewa sannu a hankali, murjanin kuma ya ci gaba da gini sama don kada haske ya kuɓuce masa, har tsaunin ya ɓace zoben ya rage. An yi ƙoƙarin gwada wannan ra'ayi da haƙa a zoben Funafuti na Tekun Pasifik tsakanin 1896 da 1898, aka kai kusan mita 340 ba a fita daga dutsen farar ƙasa na tudun ba. Sai a 1952, a zoben Enewetak na tsibiran Mashal, aka tarar da dutsen aman wuta a zurfin mita 1,283 a rami ɗaya da mita 1,405 a ɗayan, kuma dutsen farar ƙasan da ke can ƙasa, a kan na aman wutar, na halittun ruwa marar zurfi ne. Ma'ana, dabbar da ba ta iya gini sai kusa da haske ta tara fiye da kilomita ɗaya na dutse saboda ƙasan da take kai yana sauka. Amma kada a ɗora wannan bayani a kan kowane tudu. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta mamaye sassan duniya, ruwan teku ya yi ƙasa da matakinsa na yau da kusan mita 120, tsoffin tudu suka fito fili, ruwan sama ya sassaƙe su. Da teku ya dawo sai murjani ya sake hawa kan waɗannan tsoffin ginshiƙai, don haka saman Babbar Katangar Ostiraliya da ake gani yau shekarunsa 6,000 zuwa 8,000 ne kawai, kuma tana zaune ne a kan gefen nahiya, ba a kan tsaunin da ya nutse ba. Ita kanta ba bango guda ba ce, tarin tudu ne kusan 2,900, kowanne da tarihinsa.

Ratsa tudun daga ciki zuwa waje

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a auna wuri ɗaya a yanke hukunci a kan tudun baki ɗaya. A ratsa shi daga ɓangaren ƙasa zuwa ɓangaren buɗaɗɗen teku. A cikin tafki ruwa a kwance yake, ƙasan yashi ne, murjani yana tsaye gungu-gungu. A kan shimfiɗaɗɗen saman tudu ruwa ba shi da zurfi, rana tana dukansa idan teku ya ja baya, don haka ƙarancin murjani a nan ba alamar ciwo ba ce. A ƙololuwa, inda raƙuman ruwa ke fashewa, sau da yawa abin da ya fi yawa shi ne wata gansakuka ja mai ɓawon dutse. A gangaren da ke fuskantar teku, daga mita kaɗan zuwa kusan ashirin, nan ne murjani ya fi yawa kuma nan ne ake zuba mafi yawan dutse; can ƙasa kuma sai ya koma shimfiɗa kansa fale-fale don ya tari ɗan hasken da ya rage. Kwatanci yana da ma'ana ne kawai tsakanin yanki da irinsa, a zurfi ɗaya.

Wannan jan ɓawo na ƙololuwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke nuna cewa murjani mai tauri ba shi kaɗai ke ginin ba. Murjani yana kafa ƙashin ginin, guguwa ta kakkarya shi, gutsattsarin su zuba cikin ramuka tare da yashin koriyar gansakuka Halimeda da ɓawon katantanwa da na ƙananan halittu, sannan jan ɓawon ya liƙe su, sinadarin da ke cikin ruwan teku ya ƙarasa daskarar da su. Idan aka haƙa cikin tudu, abin da ake yawan tararwa tarkace ne da aka liƙe, fiye da murjani da ke tsaye yadda ya tsiro.

Awo da igiya da sarƙa

Hanya mafi sauƙi da masu sa kai ke bi ita ce wadda ƙungiyar Reef Check ta yaɗa tun daga ƙarshen shekarun 1990. A shimfiɗa tef na awo mai mita 100 a zurfi ɗaya, a raba shi kashi huɗu na mita 20 da tazarar mita 5 a tsakaninsu, sannan a kowane rabin mita a rubuta abin da ke ƙarƙashin tef ɗin daidai: murjani mai tauri, mai laushi, wanda bai daɗe da mutuwa ba, ciyawar teku, soso, dutse, tarkace, yashi ko laka. Hakan zai ba da ɗigo 160, kuma daga nan ake fitar da kason da murjani mai rai ya rufe. A yi amfani da ɗan zare mai nauyi a ƙarshensa don nuna ɗigon, saboda ido yana son karkata zuwa ga abu mai kyau.

Kason rufi shi kaɗai bai isa ba, sai an rubuta siffar kowane murjani, domin siffa ce ke nuna saurin gini da jurewa. Masu rassa da masu faɗin sama na jinsin Acropora suna iya ƙaruwa da santimita 10 ko fiye a shekara, su ne ke samar da lunguna da saƙo-saƙon da kifaye ke fakewa, amma su ne kuma farkon karyewa a guguwa da farkon mutuwa a zafi. Dunƙulallu irin Porites suna ƙaruwa da kusan santimita ɗaya a shekara, suna iya rayuwa ɗaruruwan shekaru, kuma ƙashinsu yana da layukan shekara-shekara da masana ke karanta tarihin zafin teku a ciki. Tudu biyu da kowannensu ke da rufin kashi 25 cikin ɗari suna iya bambanta matuƙa a yawan dutsen da suke zubawa.

Bayan haka a ɗauki sarƙa mai tsawon mita 10, a kwantar da ita a hankali tana bin kowane tudu da kwari na dutsen, sannan a auna nisan da ta ci a miƙe. Idan ta ci mita 6, an raba 10 da 6 an sami kusan 1.7, wato wurin yana da sarƙaƙiya. Idan ta ci mita 9 da ɗoriya, tudun ya baje. Bajewa alama ce da ke zuwa shekaru bayan mutuwar murjani, lokacin da matattun rassa suka zube.

Daga nan lissafin zubin dutse ba shi da wuya. A ɗauka dunƙulallen murjani yana ƙaruwa da santimita ɗaya a shekara, nauyin ƙashinsa kuma giram 1.3 ne a kowane santimita mai siffar akwati. Wannan yana nufin kilo 13 a shekara a kan kowane murabba'in mita na nama mai rai. Idan ya rufe kashi 20 cikin ɗari na wurin, zubinsa kilo 2.6 ne a murabba'in mita, kafin a ƙara da gyaran sarƙaƙiya. Haka za a yi wa kowace siffa da nata saurin, a tara, a ƙara ɗan abin da jan ɓawo ke zubawa.

Masu ɗiba

Ɗaya ɓangaren lissafin shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Kifi mai bakin aku yana kankare dutse don ya ci gansakukar da ke kai, ya niƙe shi a maƙogwaro, ya fitar da shi yashi. Babban nau'insa mai ƙullutu a goshi yana iya ɗebe sama da tan biyar a shekara shi kaɗai. Bushiyar teku tana yin irin wannan kankara da dare. A cikin dutsen kuma akwai soson teku na jinsin Cliona da tsutsotsi da wasu katantanwa da ke huda shi har ya zama rauke. Don haka a ƙirga kifayen aku da girmansu a kan faɗin da aka ƙayyade a gefen tef, a ƙirga bushiyoyi, a lura da ƙananan ramukan soso a kan matattun wurare, sannan a nemi jadawalin da masana suka fitar na yawan abin da kowane nau'i ke ɗebewa gwargwadon girmansa.

A nan ake buƙatar natsuwa wajen hukunci, domin waɗannan masu ɗiba su ne kuma masu share fage. Yashin da kifin aku ke fitarwa yana daga cikin abin da ke gina tsibiran murjani, kuma kiwon da yake yi ne ke hana ciyawar teku rufe dutsen da jariran murjani za su sauka a kai. Tekun Karibiyan ya nuna abin da ke faruwa idan aka rasa su. Daga ƙarshen shekarun 1970 wata cuta ta kashe mafi yawan Acropora palmata da Acropora cervicornis, waɗanda su ne manyan magina a yankin, sannan a 1983 da 1984 annoba ta hallaka sama da kashi 90 cikin ɗari na bushiyar Diadema, a wuraren da kamun kifi ya riga ya rage kifaye masu kiwo. Ciyawa ta mamaye, murjani ya kasa dawowa. Binciken da aka wallafa a 2013 a kan tudun yankin ya nuna cewa idan rufin murjani mai rai ya sauka ƙasa da kusan kashi 10 cikin ɗari, ɗiba takan rinjayi zubi. A ganina wannan adadi ya fi amfani a matsayin gargaɗi, tun da iyakar tana sauyawa da irin murjanin da ya rage, amma yana nuna cewa tudu yana iya kasancewa da rai a sama alhali yana raguwa a matsayin gini. Ko a inda lissafin ya ba da rara, tudun yakan tashi ne da milimita kaɗan a shekara, ruwan teku kuma yanzu yana hawa da milimita uku zuwa huɗu, don haka 'yar ƙaramar rara ba ta tabbatar da cewa tudun zai ci gaba da karya ƙarfin raƙuman ruwa kafin su isa gaɓa.

Daga tudu ɗaya zuwa babban tsari

Abin da ke mayar da dubban tudu tsari guda shi ne zirga-zirgar jarirai. A Babbar Katangar Ostiraliya, 'yan darare bayan cikar wata a ƙarshen shekara, nau'o'i da dama suna sakin ƙwai da maniyyi a lokaci ɗaya, abin da masana ba su gano ba sai a farkon shekarun 1980. Jariran suna yawo a ruwa kwanaki ko makonni kafin su sauka, sau da yawa a kan jan ɓawo, don haka tudun da ya lalace yana iya farfaɗowa daga zuriyar wani da ke ɓangaren da ruwan ke kwararowa daga can. Mai bincike ya ajiye ƙaramin firam mai kusurwa huɗu a wurare daban-daban a gefen tef, ya ƙirga murjanin da faɗinsa bai kai santimita 5 ba. Wurin da guguwa ta ragargaje amma yake cike da ƙanana yana da makoma fiye da wurin da manya ke tsaye babu ko ɗaya mai tasowa.

Kuma awo ɗaya ba ya nuna alkibla. Cibiyar Nazarin Teku ta Ostiraliya, wadda ke sa ido a kan katangar tun 1985, ta bayar da rahoto a 2012 cewa rufin murjani ya ragu da rabi, daga kashi 28 zuwa 13.8 cikin ɗari, inda guguwa ta jawo kashi 48 na asarar, tauraron teku mai ƙaya da ke cin murjani kashi 42, koɗewa kuma, wato komawar murjani fari saboda zafi, kashi 10. A 2022 cibiyar ta sami rufi mafi yawa cikin shekara 36 a arewa da tsakiyar katangar, amma Acropora mai saurin tsiro ne ya kawo ƙarin, sai ga wata babbar koɗewa a 2024. Wanda ya tsaya a kan shekara guda daga cikin waɗannan zai ba da labarin da bai cika ba. Saboda haka a kafa ƙarfe a farkon layin awo da ƙarshensa, a rubuta wurin da na'urar GPS, a dawo a wata ɗaya na kowace shekara.

Game da koɗewa, tana faruwa ne idan zafin ruwa ya haura abin da murjani ya saba da shi a watan da ya fi zafi da digiri ɗaya kacal, ya kuma daɗe makonni. Sai folif ya kori gansakukarsa, farin ƙashin ya bayyana ta cikin nama. Hukumar NOAA ta Amurka, mai sa ido a kan teku da yanayi, tana tara wannan zafi daga bayanan tauraron ɗan'adam, tana haɗa yawan digirin da ya haura da yawan makonni a cikin makonni 12 na baya: idan jimillar ta kai 4 ana sa ran koɗewa, idan ta kai 8 ana sa ran mutuwa mai yawa. A duba wannan taswira kafin a tsara ranar fita. Idan aka tarar da farin murjani, a matsa a duba ko nama yana nan a kan kofunan, domin wanda ya koɗe yana da rai kuma yana iya mayar da gansakukarsa idan ruwa ya huce, sai dai gininsa da haihuwarsa za su ja baya na wani lokaci. Wanda ƙashinsa ya fito tsirara da iyaka mai kaifi tsakanin fari da nama, wannan aikin cuta ne ko na tauraron teku, kuma a takardar awo gurbinsa daban ne. A sake komawa wurin bayan wata biyu ko uku, lokacin da siririyar ciyawa mai launin ƙasa za ta riga ta hau kan waɗanda suka mutu, a cire su daga ɓangaren zubi a mayar da su ɓangaren da soso da tsutsa za su fara hudawa.